Zama furodusa mai zaman kansa: ta ina ake farawa, kuma ana riƙe iyali da sana'ar?

Tambaya: "Ina sayar da wayoyi a Kano, na tara ɗan jari, kuma tun ina yaro nake son harkar fim. Ba fitowa nake so in yi ba, so nake in zama furodusa mai cin gashin kansa, ba a ƙarƙashin kowa ba. Ta ina zan fara? Kuma mutum zai iya riƙe iyali da wannan sana'a?"

Ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. Bari in fara da tambayarka ta biyu. E, ana riƙe iyali da ita, akwai waɗanda suka gina gida suka aurar da 'ya'ya da kuɗin fim. Sai dai waɗanda suka yi fim ɗaya suka koma gida da bashi sun fi su yawa nesa ba kusa ba. A iya abin da na gani cikin shekarun da na yi a harkar, abu biyu ne ke raba su. Wanda ya ɗore ya san ta inda kuɗinsa zai dawo tun kafin a kunna kyamara, kuma bai saki mallakar fim ɗinsa ba. Duk sauran abin da zan faɗa maka a kan waɗannan biyun yake tafiya.

Mutane da yawa suna ɗauka furodusa shi ne mai kuɗin. Wani lokaci haka ne, sau da yawa kuma kuɗin na wani ne, wani alhaji ɗan kasuwa ko yayan mutum ko abokai da suka haɗa hannu. Furodusa shi ne wanda ya nemo labari, ya ɗauko darakta, ya yi ciniki da 'yan wasa, ya samo gidan da za a yi ɗauka, ya san abin da za a ci a lokeshan da inda za a kwana, ya kai fim gaban hukuma, ya fitar da shi kasuwa, sannan ya bi kuɗinsa. Darakta idan ya gama ya karɓi sallamarsa sai ya wuce wani aikin. Jarumi ma haka. Idan fim ya faɗi, su sunansu ne ya ɗan taɓu, shi kuwa furodusa shi ake yi wa sallama a ƙofar gida da sassafe. A Amurka akwai manyan kamfanoni irin su Disney da Warner Bros. da Universal, su ke da jari, su ke da hanyar kai fim gidajen sinima na duniya, mai zaman kansa a can shi ne wanda ya yi fim ba da kuɗinsu ba. A Kano ba mu da irinsu. Kusan kowane furodusa a nan da kansa yake tsaye, ko yana so ko ba ya so. 'Yancin da kake nema kana da shi tun ranar farko, abin da ba ka da shi shi ne wanda zai ɗauke maka asara.

Ya kamata ka san yadda kasuwar ta taso, domin a nan darasin yake. Sana'ar ta fito ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano, kuma ana lissafa Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a kaset ɗin bidiyo a 1990, a matsayin wanda ya buɗe kasuwa. A zamanin kaset ciniki a kan kwali ake yi. Furodusa ya gama fim, ya je maɗaba'a ya buga kwalaye masu hoton jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa a Bata, daga baya a Ƙofar Wambai, haɗe da masta, wato asalin kaset ɗin da za a kwafa daga gare shi. Su za su kwafa, su sa a kwali, su sayar wa dillalan da ke zuwa daga Sakkwato da Jos da Maiduguri, har da Maraɗi da Damagaram da Kumasi da Garwa. Kuɗin furodusa yana cikin yawan kwalin da aka ɗauka. Tsarin yana da cuta, domin sau da yawa bashi ake ɗauka ana biya da kaɗan-kaɗan, kuma ba ka da hanyar sanin kaset nawa aka kwafa aka sayar ba tare da kwalinka ba. Duk da haka mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma yana iya ƙiyasta abin da zai samu tun kafin ya fara.

Sidi ya zo ya kori kaset, kwafa ta ƙara sauƙi, satar fasaha ta ƙaru. Sai waya ta zo, kuma wannan ba sai na yi maka bayani ba, kai da kake cikin kasuwarta. Masu tura fim suka baza kwamfutoci a bakin titi, da 'yan canji kaɗan a cika maka memori da fina-finan da aka kashe miliyoyi a kansu, furodusa bai ga ko sisi ba. Fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa suka zo suka raba masu kallo. Ga matsalar tsaro da ta girgiza Kano bayan hare-haren Janairun 2012. Kafin a kai ƙarshen shekarun 2010 kasuwar faifai ta mutu murus, kuma furodusoshi da yawa masu suna suka bar sana'ar ba don fasaharsu ta ƙare ba. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne fim mai dogon zango. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako, sannan a 2020, lokacin kullen korona, shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo a YouTube.

Ka ga cikin shekara 30 kasuwa ta sauya gaba ɗaya har sau uku. Wanda ya sayar wa ɗan kasuwa fim ɗinsa ɗungurungum a zamanin sidi saboda matsuwa, yau yana ganinsa a tashar wani a YouTube, ana tara kuɗi da shi, ba shi da bakin magana. Wanda ya riƙe mallaka kuwa ya ba Africa Magic Hausa na wani lokaci, ya ba wata tashar, daga baya ya ɗora a tasa tashar, fim ɗaya ya ciyar da shi sau uku ko huɗu. Fim kamar gida yake, haya ake bayarwa, ba a sayarwa sai an rasa yadda za a yi. Duk wanda zai nuna fim ɗinka, a rubuta a takarda: na wata nawa ne, a wace tasha, a waɗanne ƙasashe, shi kaɗai ne ko kana da damar ba wani, kuma yaushe za a biya. Haka kuma tsakaninka da marubuci da mawaƙi da mai kiɗa, a rubuta cewa sun sallama maka aikinsu don wannan fim. Na sha ganin fim ya samu karɓuwa, sai mai kiɗan ya kai ƙara YouTube, kuɗin tallan ya tsaya cik har sai an sasanta. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023, wadda ta taɓo har abin da ake ɗorawa a intanet, amma doka ba ta taimakon wanda ba shi da takarda. A masana'antarmu ana jin kunyar neman a sa hannu, a ce ai mu 'yan'uwa ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana, saboda haka ba abin kunya ba ne.

To yau ta ina kuɗin ke dawowa? Kowa YouTube yake kallo, don haka bari in daɗe a kansa. Ba a fara biyan tasha kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan nan kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a bidiyonka naka ne, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne ba yawan masu kallo kaɗai ake dubawa ba, ana duba inda suke. Tallan da aka nuna wa mai kallo a Amurka ko Ingila ko Saudiyya ya fi wanda aka nuna wa na Kano ko Damagaram tsada sosai, kuma mafi yawan masu kallonmu a gida suke. Ga kuma ɗimbin jama'a da ba su da kuɗin data, waɗanda har yanzu wurin masu turawa suke karɓa. Shi ya sa za ka ga kashi ɗaya na shiri ya tara kallo dubu ɗaruruwa, amma abin da ya shigo bai mayar da kuɗin ɗaukarsa ba. Sabuwar tasha ba za ta iya ɗaukar nauyin fim mai dogon zango ba. Ko dai ka gina ta a hankali da ƙananan ayyuka, ko ka ɗora a tashar wani da ta riga ta kafu ku raba, da sharaɗin kana da damar ganin lissafin da idonka, kuma fim ɗin yana nan naka.

Abin da ke riƙe yawancin masu dogon zango a zahiri shi ne tallan da furodusa ya nemo da ƙafarsa: kamfanin shinkafa ko taliya, dillalan filaye, makarantu masu zaman kansu, shagunan atamfa da kayan ɗaki. Wannan aikinka ne, ba na darakta ba, kuma a nan kasuwancin da ka iya zai yi maka rana. Shawarata ka samu alƙawarin masu talla a rubuce kafin ka fara zango, ba bayan ka gama ba. Kuma ka riƙa tantancewa. Mai maganin da yake cewa yana warkar da kowace cuta, ko mai cewa a zuba kuɗi a ninka cikin wata guda, kuɗinsa yana zuwa da sauri, amma ranar da ya cuci mutane fim ɗinka za su tuna, domin a ciki suka gan shi.

Tashoshin talbijin suna saye, farashinsu ba ya da yawa, biyansu kuma yakan ɗau lokaci, amma kuɗi ne da za ka iya lissafawa. Sinima tana ɗaga darajar fim, musamman a lokacin sallah, sai dai yawancin tsofaffin gidajen sinima na Kano an rufe su ko an mayar da su wani abu, waɗanda ke aiki a Arewa kaɗan ne, kuma bayan an cire haraji da kason mai gida da na mai rarrabawa, abin da zai zo hannunka bai kai rabin kuɗin tikiti ba. Akwai dandali irin su Northflix da ake biya a kalla. Akwai ƙungiyoyin da ke ba da aikin wayar da kai a kan riga-kafi ko karatun 'ya'ya mata, su kuma ba sa mu'amala sai da kamfani mai rajista da hukumar CAC, mai asusun banki na kamfani da lissafi a rubuce. Yi wannan rajistar da wuri, ba ta da tsada. Aikin 'yan siyasa kuma yana kawo kuɗi a kakar zaɓe, amma yana raba ka da rabin masu kallonka, ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi.

Game da jari, kada ka zauna jiran gwamnati. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don masana'antar fim, Bankin Masana'antu ma yana da rancen da ya keɓe wa 'yan fim, amma irin waɗannan suna neman takardu da jingina da tarihin aiki, abubuwan da mai farawa ba shi da su. Ƙauyen fim da aka shirya ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 ma an fasa bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Kuma kada ka ci bashi mai ruwa don yin fim. Ban da haramcinsa, fim ba ya dawo da kuɗi a ranar da banki ke so. Hanya mafi tsafta ita ce haɗin gwiwa a kan riba da asara, kuma ka gaya wa duk wanda zai zuba kuɗi, a gaban shaidu, cewa yana iya rasa su gaba ɗaya. Wanda ya ji haka ya janye, alheri ya yi maka. Kuɗin marayu da kuɗin gado da ba a raba ba da kuɗin adashin matar gida, kada ko ɗaya ya shiga fim.

Yanzu ta ina za ka fara. Ba da naka fim ba. Ka nemi furodusan da aka shaide shi da biyan mutane, ka roƙi ya bar ka ka bi shi lokeshan, ko da ɗaukar kaya ne da sayo abinci. Da ɗan gari akan ci gari. Ka matsa har ka riƙe kwantiniti, wato lura da cewa kaya da komai sun daidaita daga fitowa zuwa fitowa, sannan ka zama furodakshan manaja, mai riƙe da kuɗin yau da kullum. A nan za ka ga inda kuɗi ke zurarewa: jarumin da aka ce ƙarfe tara ya zo bayan azahar mutum ashirin suna zaune ana ciyar da su, mai gidan da ya ce a tattara a fita saboda baƙi sun zo masa, janareta da ya mutu rana tana faɗuwa, kayan sawa da aka manta a gida alhali fitowar jiya da ta yau a labari rana ɗaya ce. Manyan da kake gani da kamfanoninsu yau, mafi yawansu ta irin wannan hanya suka biyo a ƙarƙashin wasu. Idan kana da halin karatu, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda Ali Nuhu ya zama shugabanta a 2024, akwai kuma sashen wasan kwaikwayo da na aikin jarida a Jami'ar Bayero. Karatu yana buɗe ido, amma ciniki da ɗan wasa a lokeshan ake koyonsa.

Idan lokacin naka ya yi, kuɗin farko na marubuci ne. Wannan shi ne wurin da aka fi yi wa rowa a Kannywood, a ba jarumi abin da ya ninka na marubuci sau da yawa, sannan a yi mamakin yadda labari ya watse a kashi na biyar. Ka biya a rubuta labarin har ƙarshe, kada ka yarda a riƙa rubutawa ana ɗauka. Sai ka zauna da biro ka ƙirga: gida nawa, rana nawa, mutum nawa, fitowar dare nawa. Kwanakin ɗauka su ne kuɗin fim, kowace rana abinci ce da mai da haya da masauki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 duk waɗannan sun yi tashin gwauron zabi. Labarin da za a ɗauka a gida uku ya fi maka wanda ke buƙatar fada da dawakai. A ce kana da naira miliyan biyar, kada ka tsara fim ɗin miliyan biyar. Tsara na uku da rabi, ka ajiye sauran don tacewa da kiɗa da kuɗin hukuma da talla da abin da ba a zata ba, domin fina-finan da suka maƙale a kwamfutar edita saboda kuɗi ya ƙare suna da yawa. Ka kashe kuɗi a kan sauti. Mai kallo a waya yana yafe hoton da bai fita sosai ba, amma da zarar ba ya jin magana sai ya wuce. Jarumi mai suna guda ɗaya ya isa ya jawo ido zuwa fosta, sauran ka ɗauko masu iya wasa da za su zo a kan lokaci. Kuma duk abin da aka ɗauka a rana a kwafe shi wuri biyu kafin a kwanta.

Sai hukuma, wadda ba a wasa da ita. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, kuma tana da ikon yi wa kamfani da ma'aikata rajista da duba fim kafin ya fita. A ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, ɗaya daga cikin manyan furodusoshin lokacin, bisa zargin fitar da fim ba tare da izininta ba, ya yi watanni a gidan yari kafin babbar kotu ta sa baki a sake shi. A 2025 ma hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango fiye da 20 a lokaci guda, har da fitattu, saboda ana sakinsu ba a kawo an duba ba. Ɗorawa a intanet ba ta fitar da kai daga hannunta matuƙar a Kano kake aiki. Akwai kuma hukumar tacewa ta tarayya idan fim zai shiga sinima ko ya zaga ƙasa, da MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, da ya kamata ka shiga. Mutum yana iya ganin wasu hukunce-hukuncen sun yi tsauri, ni ma ina ganin haka a wasu lokuta, amma gara ka yi muhawarar a kan takardar labari da ka yi ta bayan ka kashe jarinka. Masu kallo ma hukuma ce, fitowa ɗaya da ta taɓa addini ko tarbiyya tana iya jawo maka huɗubar Juma'a.

Akwai abin da ba a rubutawa a kasafi, kuma shi ke yanke tsawon rayuwar furodusa. Masana'antar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Idan ka riƙe kuɗin mai haske ko mai kwalliya ko direba, kafin sati labari ya zaga, aikinka na gaba kowa zai ce sai an biya shi tukuna, kuma ƙwararru za su ce ba su da lokaci. Ƙananan ma'aikata su za ka fara sallama, su ne ba su da wani abin dogaro. 'Yan matan da ke zuwa neman shiga fim kuma amana ce a wuyanka. Ka tabbatar da yardar iyaye ko miji, ka ware musu masauki, kada ka bari wani a lokeshan ɗinka ya mayar da ba da rol hanyar cin mutunci. Wannan abu ya ɓata wa sana'ar suna fiye da duk wata waƙa da rawa, kuma furodusa ne kaɗai ke da ikon hana shi, domin shi ke ɗauka shi ke kora.

Shagon wayarka kuwa kada ka rufe shi. Shi zai ciyar da gida a shekarun farko, kuma shi zai ba ka ƙarfin cewa a'a ranar da wani ya zo zai sayi fim ɗinka ɗungurungum da araha saboda ya ga kana cikin matsi. Ka samu amintaccen yaro ya riƙe maka, ka ba lokeshan ɗin wasu shekara guda ko biyu, kana rubuta farashin komai a littafi. Bayan nan ka yi gajeren fim na minti 20 ko 30 da kuɗin da in ya salwanta ba zai taɓa jarin shago ba, ka kai shi hukuma, ka fitar da shi, ka bi kuɗinsa har sisin ƙarshe. Idan ka zo wannan matakin, sake rubuto mini da lissafin a hannunka, sai mu duba ko lokacin dogon zango ya yi. Allah ya sa albarka, ya kuma haɗa ka da abokan aiki nagari.